Yadda Orval Ya Juya Teku

"To in ba shuɗi ba ne, mene ne?" in ji Orval.

"Shuɗi ne, Mista Pokorny, amma ba shi ne shuɗin ba." Kendra ta buɗe littafin da ke hannunta, ta ɗora yatsa a kan wani ɗan gurbi mai launi. "Ga nasu nan, har lamba gare shi. Naka ya fi haske."

Orval ya leƙa bokitin fenti, ya leƙa littafin, ya sake leƙa bokitin.

"Su a takarda suka gwada nasu. Nawa a kan ciyawa zai kwanta, ita kuwa ciyawa shan haske take. Kafin Asabar zai zama nasu."

"In bai zama ba fa?"

"Sai a ce teku ya koɗe."

Eusebio Barraza, wanda ake kira Chebo, abokin aikinsa na shekara ashirin da biyu, yana zaune a kan buhun taki yana cin burodi da soyayyen ƙwai. Ya haɗiye lomarsa ya ce, "Kendra, ƙyale tsohon nan. Mutumin da bai taɓa ganin teku ba kuka ba aikin zana teku. Babban ruwan da ya sani shi ne kududdufin shanun surukinsa."

"Na ga teku," in ji Orval. "A kalanda. Watan Yuli."

Kendra Whitlock ba ta yi dariya ba. Ita ce mataimakiyar daraktan wasanni na Jami'ar Amity, shekararta ashirin da tara, wayoyinta biyu, kuma tun da rani ya shigo babu wanda ya ga ta zauna a kujera. Ta rufe littafin ta rungume shi.

"Darakta ya ce in tuna maka. Ranar Asabar gidaje wajen miliyan biyu za su kalli filin nan. In ya fito da kyau a talabijin, ciyawa ta zauna. In bai fito ba, da an gama wasannin bana za a kwashe ta a shimfiɗa ta roba. Wallahi ba ni na faɗa ba."

"Na san ba ke kika faɗa ba."

Ciyawar roba daga masana'anta take zuwa da layukanta da tambarinta a ɗinke. Ba a yanka ta, ba a ba ta ruwa, ba a yi mata fenti. Sharewa kawai ake yi da wani inji, kuma injin ba ya bukatar dattijo ɗan shekara sittin da ya san warin ƙasar da ke shirin yin ƙwari. Duk su ukun sun san wannan, shi ya sa babu wanda ya faɗa.

An haifi Orval Pokorny a wata gona mil arba'in arewa da garin Amity Bluff, a jihar Kansas. Mahaifinsa alkama yake nomawa da harawar shanu. Yana ɗan shekara ashirin da huɗu gonar ta fita daga hannunsu, ya shigo gari da jakar kaya guda da tafukan hannu kamar fatar kiraga. Jami'a na neman mai tura injin yankan ciyawa, aka ɗauke shi na wata uku. Shekara talatin da shida ke nan ba wanda ya tuna ya ce masa wata ukun sun cika.

A duk tsawon shekarun nan Orval bai taɓa kallon wasan ƙwallon Amurka da ake yi a filin ba, ko da yake babu wasan gida da aka yi ba ya tsaye a bakin layi. Shi ƙafafu yake kallo. Mutane dubu talatin suna ihu suna bin ƙwallo da ido, shi yana duba inda ƙusoshin takalma suka shiga da inda suka fito. In ka tare shi bayan wasa ka ce, "Orval, wa ya ci?" sai ya ce maka, "Wajen layin yadi talatin ta arewa ya sha wuya." Ya san ɗan wasa da irin ramin da yake bari. Akwai wani mai buga ƙwallo da ƙafar hagu da ya gama karatu shekara goma sha biyar da suka wuce, yanzu lauya ne a birni, har yau in sun gamu a kanti Orval ba ya sakar masa fuska sosai.

Matarsa Verna ta yi aikin gidan waya har ta yi ritaya. Yanzu duk Alhamis tana ɗakin ƙasa na coci tare da matan unguwa, suna harhaɗa ƙyallaye suna ɗinka barguna. Ta taɓa gaya wa matan cewa duk daren duniya sai mijinta ya fita dubo wata kafin ya kwanta, kuma ita ba ta damu ba, tunda kishiyar tata koriya ce kuma ba ta magana.

Da can jami'ar tana cikin Haɗakar Filayen Alkama. Jami'o'i takwas ne, suna wasa da juna, suna sayar wa gidan talabijin wasanninsu a dunƙule su raba abin da aka samu. Duk takwas ɗin za ka je da bas kafin kofin da ke cikin filas ya huce. Tambarin haɗakar damin alkama ne, ana zana shi sau biyu a fili, ɗaya a kan layin yadi ashirin da biyar na kudu, ɗaya a na arewa. Orval ya zana damin nan har ya daina shimfiɗa ma'auni. Ko an rufe masa ido zai fitar da zangarniya goma sha ɗaya cif.

Sai wani gidan talabijin ya ɗaga wa manyan jami'o'i biyu na cikinsu hannu da kuɗi, suka tashi. Sauran shidan suka watse kamar 'yan tsaki sun ga shirwa. Amity ta yi ta ƙwanƙwasa ƙofofi shekara guda, daga ƙarshe Haɗakar Gaɓar Teku ta karɓe ta a matsayin ta goma sha bakwai. Ba don ƙwarewa ba. Masu talabijin suna da gurbi da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, suna neman wanda zai yarda ya yi wasa a lokacin, Amity kuwa da an ce ƙarfe shida ne za ta yarda. Kuɗin ya ninka na da sau biyar. 'Yan matan ƙwallon raga yanzu jirgi suke hawa su ratsa ƙasar ranar Talata, su yi jarrabawa a filin jirgi. Daga Amity Bluff zuwa teku mafi kusa mil ɗari bakwai ne. Tambarin sabuwar haɗakar kuwa igiyar ruwa ce, shuɗiya mai farin kumfa, ta taso ta lanƙwaso, da haruffa uku a ƙarƙashinta.

Tare da tambarin aka aiko da littafi mai shafi sittin na yadda za a zana shi. Orval ya karanta shi tas a teburin kicin, da tabarau da fensir. Shafi na goma sha biyu ya ce tambari zai fuskanci babbar kyamara. Wannan bai ma ja masa layi ba. Babbar kyamara tana ɓangaren yamma, ƙarƙashin ɗakin 'yan jarida, tun kafin a ɗauke shi aiki.

Ranar Litinin suka shimfiɗa ledar ma'auni mai huji-huji suka ɗiga alama. Talata fenti na farko, Laraba na biyu. Da suka gama Orval ya yi abin da ya saba: ya hau matakalar yamma har layi na arba'in da ɗaya, daidai ƙasan inda kyamara ke zama, ya zauna ya duba. Igiyoyin ruwa biyu, kowace ta taso tana kallonsa. Shuɗin ma ya fara duhu, yana matsawa kusa da na littafi.

"Yaya?" Chebo ya ƙwala masa kira daga ƙasa.

"Kamar na kalanda," in ji Orval.

Alhamis da safe manyan motocin talabijin suka iso. Orval yana duba bututun ban ruwa sai ya ji ƙarar ƙarafa. Ya ɗaga kai ya ga ƙarti suna hawa matakalar gabas da bututun ƙarfe da katako a kafaɗa. Ya ajiye sifana, ya zagaya ta gefen fili, ya tarar da shugabansu, wani mai suna Brice, da gajeren wando cikin sanyin safiya, yana taunar cingam.

"Me kuke kafawa a can sama?"

"Mazaunin babbar kyamara, Baba."

"Babbar kyamara a yamma take."

"Da ke nan. Wasan sha ɗaya ne, in muka zauna can rana za ta tsone mana ido. Ban da haka," ya nuna yamma da haɓa, "kujerun can su ke cika. Na nan rabi ba kowa. Mu ba ma nuna kujera ba mutum. Ai tun watan Yuni aka aiko muku da saƙo."

Orval ya kama matakalar gabas ya fara hawa, Chebo na biye da shi yana haki. A shekara talatin da shida bai fi sau biyar ya hau wannan ɓangaren ba, shi ma don ɗauko leda da iska ta kai. A layi na arba'in da ɗaya suka juyo.

Tekun ya kife. Duka biyun. Haruffan sun yi ƙafa a sama, kumfan ya koma ƙasa yana reto.

Chebo ya karkata kai.

"Ni dai gemun bunsuru nake gani," in ji Chebo.

"Na kudun ya fi kama," in ji Orval.

Kendra ta iso da gudu, waya ɗaya a kunne, ɗaya a hannu. Da ta kai inda suke ta duba ƙasa, sai ta kashe duka biyun, ta zauna a kujera. Saƙon na Yuni ita aka aiko wa, cikin wasu ɗari huɗu, ta tura wa Orval ta kwamfuta. Orval kuwa sau biyu ya taɓa buɗe akwatin saƙonsa, na biyun ma don a nuna masa yadda ake rufewa ne.

"Laifina ne," ta ce.

"Ni na riƙe bututun fenti."

"To a shafe da kore, a sake zanawa a kai. Muna da yau da gobe."

Orval ya zauna kusa da ita, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya yi mata bayani a hankali, yadda yake yi wa kowa. Fenti biyu na kan ciyawar nan. Kafin kore ya rufe wannan shuɗin sai an yi biyu. Sabon tambari biyu. Shida ke nan. Ganyen ciyawa ta jikinsa yake numfashi. A shafa masa shida, ranar Asabar yana tsaye, ranar Laraba ya mutu, wasa na gaba kyamara ta nuna ƙasa tsirara. In an ce a wanke da injin feshi, fentin ya riga ya kama, da ganyen zai fito.

Brice, wanda ya biyo su sama, ya ƙara da nasa. "Kuma kore na fenti ba ya ɓuya mana. Kyamarorin yanzu, Baba, in tsoho ya rina gemu daga nan muke gane shi."

Gaba kura baya sayaki ke nan. A bar shi a kife, roba. A shafe shi, roba, sai dai ta makara da mako biyu. Orval ya zura wa filin ido, yana juya hularsa a gwiwa. Ya juya ta sau ɗaya, goshinta ya koma baya. Ya dakata. Ya mai da ita.

"Fentin ba shi da laifi," ya ce. "Ƙasar ce take kallon inda bai kamata ba. Chebo, injin yankan falle yana da mai?"

Chebo ya dube shi. "Kai tsoho, kanka ɗaya? Filinka za ka yanka?"

Sai wanda ya san Orval zai gane nauyin tambayar. Mutumin nan ya kori amarya da ango daga kan ciyawar nan sun zo ɗaukar hoto. Ya sa shugaban jami'a ya cire takalma kafin ya taka tsakiyar fili. Ko kare ya shigo sai ya bi sawunsa da yatsa yana tayar da ganye.

"Kauri za mu yi masa, inci biyu, da ƙasarsa da saiwarsa. Nauyinsa zai riƙe shi. Mu yanka, mu ɗaga, mu juya, mu mayar."

Suka auna. Kowane tambari ƙafa goma sha takwas ne da goma sha biyu. In an yanka shi daidai abin da mutum biyu za su iya ɗagawa, falle talatin da shida ne, shida a tsaye shida a kwance. Nan gardama ta tashi. Chebo ya ce a kwashe duka a jera a gefe sannan a mayar. Orval ya ce saiwa za ta bushe a rana, kuma in falle talatin da shida masu shuɗi da fari suka cakuɗe, ko wanda ya ƙirƙiro tekun ba zai iya harhaɗa shi ba. Suka zana a bayan buhun taki, suka goge, suka sake. Chebo ya ce na kusurwa ya koma kusurwar da ke gefensa. Orval ya ce ta ƙetare. Da abin ya kai ga Chebo ya fara ambaton iyayen teku, sai Orval ya ari wayar Kendra ya kira coci.

Verna ta iso cikin minti ashirin, da zare a jikin rigar sanyinta, da jaka. Ta tsaya a bakin layi, don ita ma ba ta taka ciyawar sai an ce ta taka. Ta saurari bayanin su biyun a lokaci guda.

"Ku yi shiru haka nan. Ƙarti biyu, shekara ɗari da ashirin in an haɗa, bargo ya gagare ku. Wa ya ce ku kwashe duka? Biyu-biyu za ku musanya. Na ɗaya da na talatin da shida. Na biyu da na talatin da biyar. Kowanne kafin ku ajiye ku juya kansa ya koma ƙafa. In kun kai tsakiya kun gama."

Ta zazzage jakar. Tsinken tsire ne dami biyu, da guntayen ƙyalle. Ta zauna a bencin 'yan wasa ta rubuta lamba a kowane ƙyalle, ta soke a tsinke, ta ce a kafa kowanne a kusurwar arewa ta fallensa. In an juya daidai, tsinken zai koma kudu. Sannan ta karɓi usur daga hannun wani koci da ke wucewa, ta hau layi na arba'in da ɗaya ta gabas ta zauna.

Orval ya tayar da injin. Ya tsaya da shi a bakin shuɗin, injin yana ta kakkarwa a hannunsa, har Chebo ya ce, "Ko in yi?"

"Matsa."

Ya sauke wuƙar. Ƙarar saiwa tana tsinkewa kamar ana yaga sabon yadi. Bai ɗaga kai ba sai da ya kai ƙarshen layi.

Kowane falle ya kai nauyin buhun siminti. Su zura katako a ƙarƙashi, su ɗaga, su yi taku suna zagaya juna kamar masu rawar da ba su iya ba, su ajiye, su ɗauko ɗan'uwansa. Kendra ta cire takalmanta masu tsini tana turo musu baro da yashi. A falle na goma sha huɗu usur ya tashi daga sama.

"Ba ku juya shi ba!"

"Mun juya!" in ji Chebo.

"Ku kuka juya, shi yana nan yadda yake! Dubi tsinkenka, Eusebio!"

Chebo ya dubi tsinken. Yana arewa. Ya dafe ƙugu ya ce, "Yanzu na gane abin da ya sa kake kwana wajen ciyawa."

Kafin rana ta faɗi tekun kudu ya miƙe. Juma'a da sassafe suka kama na arewa, kowannensu yana tafiya kamar an ɗaura masa katako a baya. Da azahar aka ajiye na goma sha takwas da na goma sha tara. Suka cika tsagogin da yashi, suka bi da abin daɓe, suka yayyafa ruwa kaɗan, Orval ya bi da ɗan buroshi yana haɗa fentin inda wuƙa ta ratsa. Sannan ya hau wajen Verna.

Igiyoyin suna kallon gabas, tsaf. Amma kowace tana zaune cikin wani akwati mai duhu. Orval ya gane nan take. Ciyawa tana kwanciya ne ta inda inji ya bi ta. Wadda ta kwanta tana kallonka duhu take yi, wadda ta ba ka baya haske. Da suka juya ƙasar sun juya kwanciyar. Inji kuwa ba zai hau sabon falle ba.

Ya sauko ya ɗauko tsintsiya mai tauri. Tun azahar har la'asar yana taje ciyawar falle bayan falle, yana kwantar da ita ta inda 'yan'uwanta suka kwanta.

"Shekara talatin da takwas muna tare," Verna ta ce wa Kendra, "ko lokacin da yake da gashi ban ga ya taje kansa haka ba."

Asabar, ƙarfe goma sha ɗaya. Mutanen da suka saba gasa nama a bayan motocinsu da yamma sun zo suna soya ƙwai suna hamma. 'Yan badujala suna busa da idanu a kumbure. Orval ya tsaya a gefen layin yadi ashirin da biyar na kudu, ya sa Chebo a na arewa. Verna tana gida gaban talabijin da agogon dafa ƙwai.

Zango na farko ya wuce lafiya. A na biyu wasa ya zo ya tsaya cak a kan tekun kudu. Ƙarti ashirin da biyu masu hular kwano suka yi layi a kan shuɗin. Wani ɗan wasan ƙungiyar da ta zo baƙunta mai lamba saba'in da huɗu, wanda ya kai nauyin ɗan maraƙi, ya kafa ƙafar dama daidai tsagin da ke tsakanin na ashirin da na ashirin da ɗaya. Aka yi karo, aka zube, aka tashi. Jama'a suka yi ihu kan wani abu da ya faru da ƙwallo. Orval ya ga kusurwar na ashirin ta ɗago, kamar kunnen littafi, faɗin tafin hannu. Wani karon guda ɗaya a wurin, fallen zai naɗe, wani ya karye a ƙafa, a nuna wa gidaje miliyan biyu sau shida a hankali.

Sai mai jar hula ya shigo fili. Shi ne mutumin da masu talabijin ke turowa ya tsaya a tsakiya ya ɗaga hannu, ba a ci gaba da wasa sai talla ta ƙare. A tsohuwar haɗaka minti biyu yake tsayawa. Sabon kuɗi da sabuwar talla yake zuwa: minti uku da rabi. 'Yan kallo suka yi masa ihun da suka saba, wani daga sama yana tambayarsa ko gidansu ba kujera.

Orval ya shiga a tafiyarsa ta kullum, da yashi a aljihun riga da ƙusoshin itace uku masu narkewa a ƙasa. Ya durƙusa a tsakanin ƙafafun 'yan wasa masu shan ruwa, ya zuba yashi, ya kwantar da kusurwar, ya kafa ƙusoshin da dunƙulen hannu, ya tashi ya taka da diddige sau huɗu. Ya shafa ganyen ta inda ya kamata ya kwanta.

"Baba, me ka yar?" in ji mai lamba saba'in da huɗu.

"Ba komai, ɗana. In za ka kafa ƙafa, ɗan matsa hagu."

Ya fito da sauran minti guda. Bai taɓa jin talla ta yi masa daɗi ba sai ranar.

Ƙarfe biyu da rabi filin ya watse. Iska na kora kofunan takarda a matakala. Orval yana cika bokiti da yashi gauraye da irin ciyawa a ƙofar rumfarsu, Chebo na kwance a kan buhunan taki yana kallon rufi. Verna ta iso da kwanon miyar wake da niƙaƙƙen nama.

"Na ƙirga," ta ce. "Duk wasan, daƙiƙa goma sha ɗaya suka nuna tekunka."

"A miƙe?"

"A miƙe."

"To."

Kendra ta shigo, waya ɗaya kawai a hannunta. Ta ce darakta ya tambayi Brice yadda fili ya fito, Brice ya ce, "Fili? Ba wanda ya kula da shi." Darakta ya ce abin da ake so ke nan. Ciyawa ta zauna.

"Har yaushe?" in ji Verna.

"Ya ce bana." Kendra ta duba bayanta, ta rage murya. "Kuma kada ku ce ni na faɗa. Haɗakar Tsaunuka ta kira shi jiya. Wai gidan talabijin ɗinsu yana neman mai wasan daren Alhamis."

Chebo ya ɗago kai daga kan buhu. Ya dubi ƙofa, inda ƙasar Kansas ta miƙe shimfiɗe kamar tabarma har ƙarshen gani.

"Tsoho, ka taɓa ganin tsauni?"

"Watan Janairu," in ji Orval.

Ya ci cokali uku na miyar a tsaye, ya miƙa wa Verna kwanon. "Tsinkayen nan naki, kada ki mayar da su kicin. Ki sa su a leda da lambobinsu."

"Ba ka tambayi wa ya ci ba," in ji Kendra.

"Wajen yadi arba'in ta arewa ya sha wuya," ya ce. "Na gani."

Ya sa hularsa, ya ɗauki bokitin, ya bi ta gefen layi ya nufi arewa, kansa a ƙasa, yana duba ramuka.